Tambaya: mene ne sunan kimiyya na "dabbobi marasa wutsiya" da Larabci?

Malamin_Zango

Assalamu alaikum malamai da ƴan'uwa. Ina shirya darasin rabe-raben dabbobi ga ɗaliban kwalejin franko-arab a nan Damagaram. Littafin Faransanci ya kasa "amphibiens", dabbobin da ke rayuwa a ruwa da tudu, gida uku, ya kira gidan kwaɗi "anoures", ya ce ma'anarsa marasa wutsiya. Littattafan Larabci kuwa suna uku suka kawo: wani ya rubuta عديمات الذيل, wani البتراوات (batrawat), wani اللاذيليات (allazailiyyat). Wanne ya kamata a rubuta wa yara a allo?

Na biyu, sunan ya haɗa duk dabbar da ba ta da wutsiya ne, har da mutum da gorila? Kuma yaya ɗan kwaɗo zai shiga ciki, alhali kowane yaro ya san da wutsiyarsa yake yawo a tabki? Na uku, in akwai hanyar da za a nuna musu abin da idonsu, ba a zane kaɗai ba, a taimaka mini da ita. Allah ya saka da alheri.

Ustaz_Birni

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Duka ukun ingantattu ne, kuma abu guda suke nufi, wato rukunin da ake rubutawa Anura a littattafan kimiyya. Asalin kalmar Girkanci ne, "an" babu, "oura" wutsiya, kuma masanin dabbobi Bafaranshe Duméril ne ya sa wa kwaɗi wannan suna a farkon ƙarni na 19. Da aka zo fassarawa, Larabawa ba majalisar harshe ɗaya gare su ba. Akwai ta Dimashƙa tun 1919, ta Alƙahira tun 1932, sai ofishin Rabat da aka kafa a 1961 don daidaita kalmomi. Littafin Masar da na Sham da na Maroko sukan saɓa, mu kuma duka suna zuwa hannunmu.

Shawarata, rubuta musu عديمات الذيل, adimatuz zail. Yaron da ya san "adam" rashi ne, ya san "zail" wutsiya ce, ya gama fahimta ba sai an yi masa sharhi ba. Sauran biyun a ambata su sau ɗaya a gefe don kada su rikice in sun gamu da su.

Ga inda ɗalibai ke zamewa wajen rubutu. Kalmar izafa ce, kuma a matsayin sunan rukuni ba a sa wa ta farko alif da lam: عديمات الذيل ake rubutawa, ba العديمات الذيل ba. Sannan zail da ذ ce, ba da ز ba. Mu Hausawa muna furta su iri ɗaya, sai hannu ya bi baki. A tsaya a kan wannan a allo sosai.

Wasu littattafan kan ce عديمات الذنب. Shi ma daidai ne, amma ذنب in babu wasali tana karantuwa zanab, wutsiya, tana kuma karantuwa zanb, zunubi. Littattafan kimiyya ba a yi musu wasali, saboda haka zail ta fi aminci. Irin wannan matsala ce da المذنبات da wasu ke sa wa rukunin masu wutsiya: ita ce kuma sunan taurari masu wutsiya. Gara a rubuta ذوات الذيل, zawatuz zail.

Batrawat jam'in batra'u ce, tamatar abtar da ke ƙarshen Suratul Kausar. Duk wanda ya karanta babin layya a Mukhtasar ya san ta, domin batra'u, wato wadda ba ta da wutsiya, tana cikin dabbobin da ba sa isarwa, haka ma wadda sulusin wutsiyarta ya tafi. Kalma ce mai kyau kuma gajera, sai dai tushenta yankewa ne, yaro zai ɗauka an datse wa kwaɗo bindi ne, alhali ba haka abin yake ba. Kuma kada kamannin sauti ya sa a ce daga ita "batraciens" ta Faransanci ta fito. Waccan daga "batrachos" take, sunan kwaɗo da Girkanci. Ita kuwa allazailiyyat ƙirar zamani ce, "la" aka manna wa zail, irin ginin اللافقاريات, marasa ƙashin baya.

Sauran kalmomin darasin: "amphibiens" البرمائيات, barma'iyyat, an haɗa barr, tudu, da ma'u, ruwa. Kwaɗo ضفدع, jam'insa ضفادع kamar yadda ya zo a Suratul A'araf aya ta 133. "Crapaud", kwaɗo mai kaushin fata, علجوم. Ɗan kwaɗo mai wutsiya شرغوف ko أبو ذنيبة. "Ordre", wato rukuni irin Anura, رتبة, rutba; "famille", iyali, فصيلة. "Classe" kuwa, babban rukuni irin barma'iyyat, Masar ta ce طائفة, Sham ta ce صف, sai ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta har ƙarshen shekara.

Malama_SVT

Ustaz ya gama da ɓangaren harshe, Allah ya ƙara ilimi. Tambaya ta biyu ce ta fi damuna, Malam, domin a nan ne yara suke faɗuwa a jarrabawa.

Sunan ba siffa ba ce da za a liƙa wa duk abin da ba shi da wutsiya. Sunan rutba ɗaya ne tak, a cikin barma'iyyat. Mutum da gorila da cimpanzi masu shayarwa ne, ثدييات, suna da gashi, jininsu mai ɗumi, babu abin da ya kai su gidan kwaɗi. In ana son a yi maganar birai marasa wutsiya da Larabci, القردة العليا ake cewa. Don haka kada a ba yara tambaya irin "kawo dabbobi uku marasa wutsiya" sannan a jira su ce kwaɗo. Wanda ya rubuta mutum bai yi kuskure ba, tambayar ce ba ta tsaya daidai ba.

Barma'iyyat rutba uku ne. Adimatuz zail sun haura nau'i 7,000, kusan kashi 88 cikin 100 na duka. Zawatuz zail, su salamanda, sun haura 700. Sai عديمات الأرجل, marasa ƙafa, ɗari biyu da wani abu, masu rayuwa cikin danshin ƙasa a dazuzzukan kurmi. A ƙasarmu rutbar farko kaɗai za a gani. Salamanda babu shi kudu da Sahara ko kaɗan, a Afirka sai can Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Wannan yana da muhimmanci a faɗa, saboda da zarar yaro ya ga hotonsa a littafi zai ce tsaka ce ko ƙadangare. Waɗannan زواحف ne, masu jan ciki, fatarsu busasshiya mai ɓawo, ƙwansu a tudu. Salamanda fatarsa damshi gare ta, babu ɓawo.

Abin da ya sa ɗan kwaɗo bai karya sunan ba shi ne ana kallon babba ne, wanda ya gama rikiɗa. Kuma rashin wutsiyar ba shi kaɗai ke tafe ba, akwai ginin jiki da ke tare da shi. Gadon bayan kwaɗo gajere ne ƙwarai, gaɓoɓin da ke gaban ƙugu ba sa wuce 9, a mafi yawansu 8 ne. Bayan gaɓar da ke riƙe da ƙugu sai wani dogon ƙashi siriri guda ɗaya, "urostyle", wanda gaɓoɓin wutsiya ne suka haɗe suka zauna a cikin jiki. Ƙasusuwa biyu na ƙwauri sun manne sun zama ɗaya, haka na hannu tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ƙasusuwan idon sawu kuma sun yi tsawo har suka zama kamar ƙarin gaɓa a ƙafar baya. Duk wannan don tsalle ne. Shi ya sa wasu littattafai ke kawo القافزات, masu tsalle, fassarar Salientia. Wancan ya ɗan fi Anura faɗi, domin ya haɗa da na dā da suka ƙare, irin Triadobatrachus da aka tono a Madagaska, mai shekara wajen miliyan 250, wanda yake da ƴar gajeriyar wutsiya. A matakin kwaleji ba sai an shiga nan ba.

In wani ɗalibi mai bincike a intanet ya kawo maka hoton "kwaɗo mai wutsiya" na arewa maso yammacin Amurka, Ascaphus ne. Abin da ke bayansa ba wutsiya ba ce, namiji ne kaɗai ke da shi, kuma da shi yake barbara a cikin ruwa mai gudu.

Sai yadda wutsiyar ke ɓacewa. Ba faɗuwa take yi ba. Tsaka ce ke yar da bindinta in an kama ta, ya faɗi yana motsi. Ta ɗan kwaɗo jiki ne ke shanye ta daga ciki, ƙwayoyinta suna mutuwa a tsare, abin da ya narke ya zama abincinsa a kwanakin da bakinsa da hanjinsa ke sauyawa ba ya iya cin komai. Mai ba da umarnin shi ne ƙullin nan na maƙogwaro wanda in ya kumbura a jikin mutum muke cewa maƙoƙo, الغدة الدرقية. A 1912 wani masani, Gudernatsch, ya ciyar da ƴaƴan kwaɗi naman wannan ƙulli, suka rikiɗa tun ba su kai girma ba. A 1916 wani masanin, Allen, ya cire musu shi, suka yi ta girma da wutsiyarsu ba su rikiɗa ba.

Na ƙarshe, kwaɗon da muka fi gani a gindin randa da bakin rariya, mai kaushin fata, daga dangin "crapaud" yake. Tsofaffin littattafai sun kira ɗaya daga cikinsu Bufo regularis, sunansa na yanzu Sclerophrys regularis, abu guda ne. Bududdugi na tabki mai santsi shi ne Hoplobatrachus occipitalis. Dukansu adimatuz zail ne, iyali ne kawai ya bambanta.

Baban_Lambu

Malam, a kan tambaya ta uku. Kiwon ƴaƴan kwaɗi a aji ba ya cin kuɗi, amma ƙananan kurakurai ne ke kashe su cikin dare ɗaya, don haka zan yi dalla-dalla.

Ɗebowa: kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai ƙarfi, a duba gefen tabki da sassafe. Ƙwan mai kaushin fata a jere yake cikin dogon zare mai yauƙi kamar carbi, yana naɗe da ciyawa. Shi ya fi dacewa, domin ƴaƴansa baƙaƙe ne ƙanana, masu haƙuri, ganye suke ci. A tsinko tsawon yatsa ɗaya kawai, ya isa. A zafinmu cikin kwana 2 zuwa 3 sun ƙyanƙyashe. In ƴaƴan za a kamo, a ɗaura rariya a bakin sanda. Kada a bar yara su shiga ruwan da ƙafa, tabkunanmu akwai tsargiya. Kuma kada a haɗa manya masu faɗin baki da ƙanana. Ƴaƴan bududdugi nama suke ci, in ɗaya ya shiga cikin robar sai dai a ga adadi yana raguwa kullum. Ƙwarin ruwa da suka biyo rariya ma a tsince su.

Mazubi: robar wanka mai faɗi wadda sabulu ko omo bai taɓa shiga ba. Bokitin ƙarfe bai dace ba, jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko fetur kuwa ko an wanke ta a bar ta. Faɗi ya fi zurfi amfani saboda iska ta saman ruwa take shiga. Zurfin santimita 8 zuwa 10 ya isa. A sa ɗan yashi a ƙasa, da dutse ɗaya mai gansakuka daga tabkin, da kainuwa biyu ko uku don inuwa. Lita 10 ta ruwa kada ta ɗauki fiye da guda 15. In an cunkusa su ruwan yana lalacewa da wuri, girmansu kuma ya tsaya.

Ruwa: na sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi. Ruwan pampo akwai kulor a ciki, maganin tsabtace ruwa, yana ƙona musu matattarar numfashi. In shi kaɗai ke akwai, a zuba a roba a buɗe ya kwana biyu kafin a yi amfani da shi. Kowane kwana biyu a kwashe sulusi a mayar da sabo wanda ya zauna a ɗaki ɗaya da su, don zafinsu ya zo daidai. Juye ruwan gaba ɗaya a lokaci guda yana kashe su. In an ga duk sun taru a sama suna haɗiyar iska, ko ruwan ya yi fari yana wari, a canza rabi nan take a kuma rage abinci.

Abinci: ganyen salati da aka wanke sosai, a tafasa minti 5 zuwa 10 har ya yi laushi, a bari ya huce. Guntu mai faɗin farcen babban yatsa ya ishi guda 10 a yini. Abin da ya rage da yamma a cire. Tuwo da burodi da fura ba su da wuri a nan, tsami suke sa ruwan. In ƙafafun baya sun fito, a ƙara ɗan gwaiduwar dafaffen ƙwai, ƙasa da ƙwayar gero biyu, sau biyu a sati.

Wuri: inuwa mai haske. Roba mai ruwa kaɗan in ta sha ranar Damagaram awa biyu ta zama tukunya. A rufe bakinta saboda sauro kada ya yi ƙwai a ciki, amma a kula ƙwarai: gidan sauron da ake rabawa a asibiti mai magani ne, maganin kuma guba ne ga duk abin da ke cikin ruwa. A yi amfani da yadi mai raga wanda ba a sa wa komai ba.

Matakin da aka fi asara shi ne fitowar hannuwa. Ƙafafun baya a hankali suke tsirowa ana gani. Na gaba kuwa a ƙarƙashin fata suke girma, sai a wayi gari sun ɓullo. Daga ranar ɗan kwaɗon ya koma numfashi da huhu, kuma zai iya nutsewa ya mutu a cikin ruwan da ya girma. A ware shi a wata roba, ruwa santimita 2 zuwa 3, a karkata ta gefe ɗaya ya zama tudu, a sa dutse. Kada a ba shi abinci, ba zai ci ba. Cikin ƴan kwanaki wutsiyar ta shanye. Daga ƙwai zuwa nan yakan ɗauki sati 3 zuwa 6, gwargwadon zafi da abinci. Da ta ƙare a mayar da shi bakin ruwan da aka ɗebo shi da magariba, domin ƙwari masu rai yake buƙata kuma ciyar da shi a aji wahala ne.

Don darasin ya yi ƙarfi, kowane kwana biyu a sa guda ɗaya a kofin gilas da ɗan ruwa, a ɗora a kan abin awo, yara su rubuta tsawon jiki daban, na wutsiya daban. Su da kansu za su ga layin wutsiya ya hau, ya tsaya, ya sauko har sifiri, ba tare da an tsinci guntunta a ƙasan roba ba.

Malamin_Zango

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Sai dai damina tana faɗowa cikin babban hutu, kafin a koma aji a Oktoba ƙananan tabkuna sun fara ƙafewa. Sannan tunda Malama ta ce ƙullin maƙogwaro ne ke tura rikiɗar, in an ɗiga iyod ko gishiri mai iyod a ruwan abin zai yi sauri?

Dakta_Dabbobi

A'a Malam, kada a ɗiga komai. Fatar kwaɗo ba ta tare abu, ta cikinta yake shan ruwa, musamman ta ƙasan ciki, ba ya sha da baki. Gishiri zai zuƙe ruwan jikinsa, iyod na wanke ciwo kuma zai ƙona shi. Ɗan iyod ɗin da yake buƙata yana samu a gansakuka da gwaiduwa. Ko a ɗakin bincike, in aka hanzarta rikiɗa ƙanana ake samu marasa ƙarfi, yawanci ba sa rayuwa.

Batun lokaci, a nemi ruwan da ba ya ƙafewa da wuri: kududdufan lambunan Miriya, tabkin Gidimuni, da ramukan da aka haƙi ƙasar gini masu riƙe ruwa har bayan damina. A fara a satin farko na komawa aji. In aka bari sanyin Disamba ya shigo girmansu yana ja baya sosai. Wata hanyar ita ce a ɗauki hoton kowane mataki da waya a watan Agusta tare da abin awo a gefe, a ajiye.

Ƙashin da Malama ta ambata ma ana iya nuna shi ba tare da an kashe ko ɗaya ba, kuma haka ya dace tunda hadisi ya zo da hanin kashe kwaɗo. Washegarin ruwa ana samun matattu a bakin hanya, a zaɓi babba wanda bayansa bai farfashe ba. A sa safar hannu, a feɗe, a cire kayan ciki, a saka shi a gwangwani mai ƙananan huji a ajiye kusa da gidan tururuwa, a danne da dutse saboda kyanwa da kaji. A riƙa dubawa kullum, a ɗauke da zarar nama ya ƙare jijiyoyi na nan, in an bari suka cinye jijiyoyin ƙasusuwan yatsu za su watse. Don ya yi fari a jiƙa shi awa ɗaya ko biyu a "eau oxygénée", ruwan wanke ciwo mai kumfa, ta farmasi mai lamba 10, wadda ƙarfinta kashi 3 cikin 100 ne. Jabel, ruwan faranta tufafi, yana cin ƙashi ya mayar da shi gari, tafasawa kuma tana raba gaɓoɓi. A shanya a inuwa, a manna a kan baƙin kwali, bayansa na sama. Yara su ƙirga gaɓoɓi daga wuya zuwa ƙugu, sannan su sa tsinke a kan dogon ƙashin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu biyu, a rubuta sunansa a gefe da Faransanci da Larabci.

In za a kawo babba mai rai aji, a riƙe shi da jiƙaƙƙen hannu ta saman cinyoyin baya, minti kaɗan, a sake shi. Kumburi biyu da ke bayan idanun mai kaushin fata suna fitar da farin ruwa mai guba, shi ke sa kare kumfar baki in ya cije shi. Ba ya ratsa lafiyayyar fatar hannu, amma yana da zafi a ido da baki da kan rauni, don haka duk yaron da ya taɓa ya wanke hannu da sabulu, nesa da robar ƴaƴan kwaɗin.